Yadda Yaro Ke Sanin Gida a Ƙasar Mafara

A Talata Mafara da Bakura da Maradun, yaro yakan fara sanin gini da hannunsa tun kafin a sa shi makaranta. Da zarar an yi ruwan farko, sai yara su taru a bakin hanya, kowa ya tura ƙafarsa cikin jiƙaƙƙen rairayi, ya danna, ya zare a hankali, ga ɗaki ya fito da ƙofarsa. Maza su kewaye shi da katanga, 'yan mata su kafa murhu da tsakuwa uku, su kwantar da 'yar tsana. Ko a wasa ba a mance zaure, domin yaro ya riga ya ga cewa nan baƙo namiji ke tsayawa.

Gini na gaske aikin rani ne, bayan an kai amfanin gona rumbu. A kwaɓa ƙasa da ciyawa, a tattake ta, a bar ta ta kwana, sannan a mulmula tubali a shanya. Yara ne ke ɗebo ruwa da miƙa wa magini tubali, a nan suke koyon bambancin kago mai jinka da soro mai rufin azara, wadda ake tsagowa daga giginya saboda gara ba ta cika cinta ba. Zankwayen da ke kan kusurwar soro kuwa har yau ana musu a kansu. Wasu sun ce ado ne kawai, magina da yawa kuma suna cewa nauyinsu ke kare kusurwa daga zaizayar ruwa.

Daɓe na mata ne, kuma babu aikin da ya kai shi armashi. Maƙwabta su zo gayya da madaɓansu, a baza tsakuwa, a yayyafa ruwan makuba da aka jiƙa daga ɓawon ɗorawa, a yi ta bugu baki ɗaya ana waƙa har ƙasa ta yi santsi tana sheƙi. 'Yan mata ƙanana na gefe suna kwaikwayo da guntun itace. Siminti ya kusa kashe wannan al'ada, kuma asara ce ba ƙarama ba.

A firamare, darasin zamantakewa yana nuna wa ɗalibai gidan ƙanƙara na mutanen Inuit, da tantin fata na Buzaye, da gidajen Makoko a Legas da aka kafa bisa sanduna cikin ruwa. Malami mai basira yakan fara da bukkar Fulani da ke bayan gari, ya tambayi dalilin da ya sa ake yinta da kara da ciyawa. A Maradun akwai misali mafi kusa: madatsar Bakolori, da aka kammala a 1978, ta tashi dubban mutane daga gidajen kakanninsu, aka sake musu matsuguni. Jikokinsu da dama sun tashi a gidan bulo da kwano, ba su taɓa ganin ana yaɓe da makuba ba.