Tufafin Baƙo Mai Zuwa Birnin Kebbi da Argungu

Wannan bayani an shirya shi ne domin hakimai da malamansu, waɗanda su ne baƙo kan fara sauka a hannunsu. Baƙi kuwa ba su yankewa a ƙasashen Gwandu da Argungu, balle lokacin bikin kamun kifi, wanda aka soma a 1934 sa'ad da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai ziyara Argungu. Tun da UNESCO ta sa bikin cikin al'adun duniya a 2016, sunansa ya ƙara nisa. Da yawa daga cikin masu zuwa ba su taɓa zama cikin Musulmi ba, ba su kuma san rana irin tamu ba.

Baƙo yakan zaci abu biyu ne ke jayayya a kansa, watau zafi yana cewa ya rage tufafi, al'adar gari tana cewa ya ƙara. Wannan kuskure ne, kuma shi ya kamata a fara gyara masa. A watan Afrilu zafin Birnin Kebbi yakan haura digiri 40. Wanda ya bar fatarsa a fili, rana tana dukanta kai tsaye, ta ƙone. Amma riga mai yalwa ta auduga tana tare rana, iska kuma tana shiga ta wuya da hannuwa, ta busar da gumi, jiki ya yi sanyi. Yalwar nan ita ce asirin, har ta fi launi muhimmanci. A 1980 wasu masana suka buga sakamakon gwajin da suka yi wa rigunan Larabawan ƙauye a hamadar Negeb, inda suka iske baƙar riga mai yalwa ba ta fi fara kai zafi ga jiki ba. Buzaye dai ba su jira wannan gwaji ba. Abin gudu shi ne yadin leda da matsattsun kaya, don suna riƙe gumi, su kawo ƙuraje. Ashe suturar da mutunci ke nema, ita ce dai wadda rana ke nema.

Ga namiji, dogon wando da taguwa mai dogon hannu sun isa. In ya so, tela a kasuwar Birnin Kebbi sai ya ɗinka masa kaftani. Gajeren wando kuwa, a wurin babban mutum, abin kunya ne a cikin gari. Zai ga masunta sun faɗa Matan Fada da homa da gora, ba riga. To, a gaya masa wannan shigar aiki ce, iyakarta bakin ruwa.

Mace ta rufe ƙirji da kafaɗu, tufarta ta sauka har idon sawu, kada ta zama shara-shara ko mai kama jiki. Ta riƙe gyale a jaka koyaushe, ta yafa in za ta shiga fada, ko gidan malami, ko cikin gida wurin mata. Jihar Kebbi ta ɗauki shari'ar Musulunci a 2000, amma kotunan shari'a na Musulmi ne, saboda haka kada a tsorata baƙuwa wadda ba Musulma ba. A lallashe ta da hujja. In matar gida ce ta yi mata bayanin, ya fi.

Sha'anin takalmi ƙarami ne, amma ya sha ba mutane kunya. Ba a shiga gaban Sarki, ko masallaci, ko a taka tabarmar zaure da takalmi. Mai takalmin igiya sai ya yi ta tsugunne a ƙofa, jama'a na jiransa. Wanda ake zarewa da sauƙi shi ya dace. Malafa kuma tana da amfani a filin biki.

Sai a lura da lokaci. Da hunturu, wajen Disamba da Janairu, asuba akwai sanyi ƙwarai, ga ƙura, don haka a zo da rigar sanyi da abin rufe hanci. Da damina sauro yakan yi yawa a fadamar Rima, dogon hannu da gidan sauro su ne kariya daga zazzaɓi.

Abu biyu kuwa lalle a hana. Na farko kaya masu kama da na soja, gama doka ta hana farar hula sa su, kuma akwai shingayen jami'an tsaro a hanya. Na biyu rawani da alkyabba. Sa tufafin gari ba laifi ba ne, mutane ma murna suke yi. Barth, Bajamushen nan da aka sani da Abdulkarim, da irin shigar ƙasar nan ya bi ta Gwandu da Birnin Kebbi a 1853. Amma alkyabba da rawani mai kunne biyu alamun sarauta ne, Sarki ke ba da su. Baƙon da ya sayo su ya naɗa don ɗaukar hoto, ya taɓa abin da ba nasa ba, kuma hakimin da ya sauke shi za a tambaya.

Malamin hakimi ya sa waɗannan abubuwa cikin takardar gayyata tun baƙo bai ɗaure kayansa ba. In kuwa ya riga ya iso da shigar da ba ta dace ba, kada a yi masa magana cikin taro. A ja shi gefe, a ba shi aron riga ko gyale, sa'an nan a shiga da shi fada.