Satar Jarrabawa Ta Shiga Kwamfuta: Ina Darajar Takardar Shaidar Tsaron Bayanai?

Duk saurayin Kano da ya ƙudura niyyar samun takardar shaidar ƙwarewa a fannin tsaron bayanan kwamfuta, abin da zai fara tambaya shi ne farashin dala, kuma a Kano in ana maganar dala to Wapa ake nufi, watau matattarar 'yan canji da ke Fagge. Dalili kuwa shi ne, ƙungiyoyin da ke shirya waɗannan jarrabawa yawancinsu a Amurka suke, da dala ake biyansu. Kuɗin zaman jarrabawar CISSP, wadda ake ɗauka uwa a wannan fanni, dala 749 ne. Cikin 2024, lokacin da dala ɗaya ta haura N1,500, wannan kuɗi ya zarce naira miliyan ɗaya, alhali mafi ƙarancin albashin da Gwamnatin Tarayya ta amince da shi a shekarar N70,000 ne a wata. Ke nan ko ƙaramin ma'aikaci ya tara albashinsa na shekara guda bai taɓa ko kwabo ba, ba zai ishe shi zama ɗaya ba. In kuwa ya faɗi, kuɗin sun tafi.

Wannan tsoron faɗuwa shi ne jarin wasu 'yan kasuwa da ke ɓoye a intanet, masu sayar da tarin tambayoyin jarrabawa na sata. Yadda suke haɗa hajarsu ba wuya. Wani zai shiga ɗakin jarrabawa ya haddace tambayoyi goma ko ashirin, da ya fito sai ya juye su a takarda, wani kuma ya ɗauki hoton fuskar kwamfutar a asirce. Daga nan sai a tattara, a liƙa musu amsoshi, a riƙa tallarsu ta WhatsApp da Telegram da alkawarin cewa wanda ya saya ba zai faɗi ba. Ɗalibin da ke koyon kwamfuta a wani shago na Sabon Gari, ko mai gyaran waya a titin Beirut da ke son ɗaga matsayinsa, ba ya bukatar zuwa ko'ina, tallar za ta same shi a cikin aljihunsa.

Tsohon Ciwo

Ga mutanen Nijeriya dai wannan tsohon ciwo ne da ya sake tufafi. Tarihi ya nuna tun cikin 1914 aka sami rahoton fitar takardun jarrabawar Kambirij kafin ranar zama. Bayan kafa Hukumar Shirya Jarrabawa ta Afirka ta Yamma, watau WAEC, cikin 1952, an sake samun irin haka cikin 1963 da 1967. Amma wadda ta fi girgiza ƙasa ita ce ta 1977, wadda jama'a suka laƙaba wa suna Ekspo 77. Abin ya yi muni har gwamnatin mulkin soja ta kafa kotun bincike a ƙarƙashin Mai Shari'a Sogbetun, wadda daga cikin shawarwarinta akwai rage wa WAEC nauyin da ya yi mata yawa. Magatakardan hukumar na lokacin, Chukwuemeka Ike, ya rubuta littafin labari a kan wannan abin kunya, aka buga shi cikin 1980.

Gwamnatoci sun yi ta zare ido. Dokar soja mai lamba 20 ta 1984 ta tanadi ɗaurin shekara 21 ga wanda aka kama da satar jarrabawa, sa'an nan cikin 1999 aka yi wata doka mai lamba 33 da ta tanadi tara da ɗauri. A shekarar ce kuma aka kafa hukumar NECO. Hukumar JAMB, wadda ta fara aiki cikin 1978, ta soma jarrabawa da kwamfuta cikin 2013, ta koma kanta gaba ɗaya cikin 2015. Duk da haka, ran 28 ga watan Mayu na 2025 yara a jihohi da dama sun rubuta jarrabawar Turanci ta WAEC da daddare, wasu da hasken tocila, hukumar kuma ta ce jinkirin ya biyo bayan ƙoƙarin da ta yi ne na toshe fitar tambayoyi. Wannan ya isa ya nuna cewa tsananin doka kaɗai bai kashe cutar ba.

Su ma Turawa ba su tsira ba. A farkon 2003 wata kotun tarayya a Amurka ta ɗaure wani mutum shekara guda da kwana ɗaya saboda sayar da tambayoyin jarrabawar kamfanin Microsoft, ta kuma umurce shi ya biya diyyar dala 500,000. Cikin 2006 kamfanin ya kai ƙarar masu wani shahararren dandalin sayar da irin waɗannan tambayoyi. A waɗancan shekaru masu riƙe da takardar MCSE ta kamfanin sun yi yawa, da yawansu kuma ba su iya aikin ba, har masu ɗaukar ma'aikata suka riƙa yi musu ba'a da cewa injiniyoyin takarda ne. Waɗanda suka yi karatu tsakaninsu da Allah su ma abin ya shafe su, domin wake ɗaya shi ke ɓata gari.

Me Ya Sa Ake Rububinta?

Bukatar masu tsaron bayanai a Nijeriya gaskiya ce. Cikin 2015 aka kafa dokar hana laifuffukan intanet, aka yi mata gyara cikin 2024. Babban Bankin Nijeriya ya fitar da ƙa'idoji cikin 2018 da suka wajabta wa bankuna naɗa babban jami'in tsaron bayanai. Cikin watan Yuni na 2023 kuma aka sa hannu a dokar kare bayanan jama'a, wadda ta ɗora wa manyan ma'aikatu da kamfanoni masu riƙe da bayanan mutane nauyin ajiye jami'i na musamman. Da yake mai ɗaukar aiki ba ya iya leƙa ƙwaƙwalwar ɗaruruwan masu nema, sai ya dogara da takardar shaida wajen tace su.

Ya kamata a lura da abin da ake ba mai wannan takarda amana a kai. Ɗan kasuwar Kantin Kwari da a da yake ƙulla kuɗinsa a lalita, yau cinikinsa na miliyoyi ta waya da na'urar POS yake shiga. Ma'aikacin gwamnati albashinsa da fanshonsa da lambar BVN ɗinsa duk a kwamfuta suke. Gobarar da ta cinye dubban shaguna a kasuwar Sabon Gari cikin watan Maris na 2016 kowa ya ga hayaƙinta, amma ɗan kutse in ya shiga rumbun bayanan banki ko na ma'aikata, ba hayaƙi ba ƙara, sai dai a wayi gari a ga asusu wayam. Ranar da haka ta faru, jami'in da ya haddace amsoshi ba tare da ya fahimce su ba zai tsaya ne yana kallon na'ura, domin ɓarawon ba ya kawo tambaya mai zaɓi huɗu. Mai gadin da ya sayi kaki da tocila amma bai san ƙofofin gidan ba, gara a ce babu shi, don da babu shi da maigida ya kwana da ido ɗaya.

Shi kansa mai sayen ba riba ya ci ba. Amsoshin da ke cikin irin waɗannan tarin sau da yawa kuskure ne, domin wanda ya liƙa su ba malami ba ne. Kafin a fara kowace jarrabawa kuma, mai zama yakan amince da yarjejeniyar cewa ba zai fitar da tambaya ba, ba zai kuma yi amfani da ta sata ba. Hukumomin suna nazarin yadda kowa ya amsa da tsawon lokacin da ya ɗauka, saboda haka wanda ya amsa doguwar tambaya cikin daƙiƙa kaɗan, ya kuma yi kuskure daidai inda tarin satar ya yi, ya tona kansa. Hukuncinsa shi ne a soke sakamakonsa, a ƙwace takardar, a hana shi sake zama. Daɗin daɗawa, ƙungiyar ISC2 mai ba da CISSP tana da ƙa'idojin ɗa'a da kowane mamba ke ɗaukar alkawarin bi, gaskiya da riƙon amana na cikinsu. Wanda ya shiga sana'ar amana ta ƙofar ha'inci, da wane ido zai dubi wanda ya kama yana kutse?

Ina Mafita?

Masu shirya jarrabawa sun sake dabara. Tun ƙarshen 2017 jarrabawar CISSP ta Turanci ta koma wani tsari inda kwamfuta ke zaɓo tambaya ta gaba bisa ga yadda mutum ya amsa ta baya, don haka da wuya mutum biyu su ga tambayoyi iri ɗaya. Ba a kuma ba da cikakkiyar takardar sai ga wanda ya yi aikin shekara biyar a fannin, wani mamba ya tsaya masa. Jarrabawar Security+ ta ƙungiyar CompTIA, wadda masu farawa suka fi nema, ta ƙunshi tambayoyin da sai mutum ya aikata abu da hannunsa, kuma bayan shekara uku sai an sabunta ta. Ita kuwa OSCP, kusan awa 24 ake ba mutum ya kutsa cikin kwamfutocin gwaji ana kallonsa ta kyamara, sa'an nan ya rubuta rahoto.

Ragowar aikin yana wuyanmu. Ma'aikatu da bankuna su daina ɗaukar mutum don haruffan da ke bayan sunansa kawai. A tabbatar da lambar takardarsa daga hukumar da ta bayar, a zaunar da shi gaban kwamfuta na awa ɗaya, a ba shi matsala ya warware. Masu makarantun koyon kwamfuta na Fagge da Sabon Gari su ji tsoron Allah, kada su auna nasararsu da yawan waɗanda suka ci kawai. Ɗalibai kuma su san akwai bambanci tsakanin tambayoyin gwaji na halal, waɗanda malamai ke tsarawa daga manhaja, da tambayoyin da aka sato daga ɗakin jarrabawa. Duk mai tallar da ya rantse cewa ainihin tambayoyin ne za su fito, ya riga ya faɗi ko shi wane ne. Hanyoyin koyo masu sauƙi suna nan: akwai reshen cibiyar Digital Bridge a Kano, akwai darussan kyauta na makarantar Cisco ta intanet, kuma tsohuwar kwamfuta ɗaya ta isa mutum ya kafa wurin gwaji a ɗakinsa.

Ekspo 77 ta bar darasin cewa takardar shaida darajarta tana ga yardar da jama'a suka yi mata, in yarda ta zube kuma mai gaskiya da maƙaryaci tare suke asara. Allah Ya ba matasanmu ilmi mai amfani, Ya kuma kare dukiyar bayinsa.