Daga gida zuwa dawa: Wahalar da karnukan farauta ke sha a kan babur da mota a Sakkwato

Da zarar an kammala girbi, hunturu ya kama, mafarauta a ƙauyukan ƙananan hukumomin Boɗinga da Shagari na jihar Sakkwato, irin su Mandera, sukan fara shirin shiga dawa. A da, da ƙafa ake tafiya, karnuka na gaba masu su na biye. Yanzu gonaki sun cinye dajin da ke kusa da gari, naman dawa ya yi nisa, don haka sai an hau babur ko a-kori-kura.

Ba baƙon abu ba ne a ga babur ɗauke da mutum biyu da kare biyu, ɗaya a kan tanki, ɗaya a cinyar na baya. Idan farautar gayya ce, sai a cika bayan mota da mutane da karnuka da gora da barandami. Daga nan a sauka daga kwaltar da ta taso daga Sakkwato ta nufi Tambuwal, a kama burtali da hanyar yashi.

Ga mafarauci, kare jari ne. Shi ke tayar da zomo da gafiya, shi ke bin sawun gada. Addini ma ya san da zamansa: aya ta huɗu a Suratul Ma'ida ta halatta cin abin da horarriyar dabbar farauta ta kamo, idan an ambaci sunan Allah. Sai dai sau da yawa hanyar zuwa dawan ta fi farautar kanta yi wa kare illa.

Zafi ne babban abokin gaba

A watannin Maris da Afrilu zafin Sakkwato kan haura maki 40. Mutum yana gumi ya samu sauƙi, kare kuwa da haki yake rage zafin jikinsa, domin ɗan gumin da yake yi a tafin ƙafa bai taka kara ya karya ba. Zafin jikin lafiyayyen kare yana tsakanin maki 38 da 39, kuma idan ya wuce 41 rayuwarsa na cikin haɗari.

Wannan ne ya sa ɗaure bakin kare tamau don kada ya yi cizo a mota ke iya halaka shi, tunda an toshe masa hanyar haki. Haka nan ƙarfen bayan mota da tankin babur kan ɗauki zafin da zai ƙona tafin ƙafarsa. Buhu ko tsohuwar tabarma da aka shimfiɗa sun isa su kare shi daga wannan.

Alamomin da likitocin dabbobi ke cewa a lura da su sun haɗa da haki mai tsanani, dalalar da yawu, amai da tangaɗi. Idan aka ga haka, a tsaya a inuwa, a jiƙa jikinsa da ruwa, a yi masa fifita, a ba shi ya sha kaɗan-kaɗan. Tafiyar asuba ko ta la'asar sakaliya ta fi ta tsakar rana, kuma jarkar ruwan karnuka ta zama daban da ta mutane.

Igiyar wuya ma tana da nata haɗarin. Idan ta yi tsawo, mota ta faɗa rami, kare zai iya wuntsilowa ya rataye. Gajerar igiya da aka zagayo ta ƙirji, aka ɗaure a tsakiyar mota, ta fi aminci. Bayan an sauka kuma, a duba tsakanin yatsunsa saboda tsidau da ƙarangiya, a duba kunnuwa saboda kaska.

Cutar da ke biyo kare gida

Karen da ya shiga dawa yana cuɗanya da dila da karnukan wasu garuruwa, sannan ya dawo gidan da yara ke wasa. Ta nan ciwon haukan kare ke samun hanya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar na kashe kimanin mutum 59,000 a duk shekara, galibi a Afirka da Asiya, kuma kusan kashi 99 cikin 100 daga karnuka ake ɗauka. Da zarar alamomi sun bayyana, da wuya a tsira.

Riga-kafin kuwa yana nan. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa da ke Vom a jihar Filato na sarrafa allurar karnuka, sannan Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato na da asibitin koyarwa na dabbobi. Wanda kare ya ciza, ya wanke wurin da ruwa da sabulu na tsawon minti 15, ya garzaya asibiti a ranar, ko da karensa ne.

Zargi a kan hanya

Akwai kuma matsalar tsaro. A jihar da 'yan bindiga suka addabi yankuna da dama, ayarin babura da makamai a hanyar daji abu ne mai tayar da hankalin duk ƙauyen da ya hango shi.

Mafarauta ba su manta da abin da ya faru a Uromi ta jihar Edo ba, a watan Maris na 2025, inda aka kashe mafarauta 16 'yan Arewa da ke hanyar komawa Kano daga jihar Ribas don bikin ƙaramar sallah, bayan 'yan sintiri sun ga bindigogin farauta a motar da suka hau.

Darasin da ke ciki shi ne kada a fita a ɓoye. Sanar da hakimi ko maigari da jami'an tsaro, aika saƙo ga garuruwan da za a ratsa, da riƙe katin ƙungiya da takardar allurar kare, duk suna rage zato.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan matakai da ya kai kuɗin horarren kare guda. Mafaraucin da ya shekara yana koya wa karensa bin sawu, idan ya rasa shi tun kafin a isa dawa, ya yi asarar kakar farautar gaba ɗaya.