In Kwana Ya Kama Ki A Gembu

Zancenmu na wannan mako a kan tafiya ne da masauki. A zamanin iyayenmu mace ba ta san wani abu wai shi otal ba. In tafiya ta kama ta, gidan dangi za ta sauka, in kuwa babu dangi a garin sai a kai ta gidan mai unguwa ko na fatoma, matan gida su karɓe ta. Yanzu zamani ya juya. Ga malamar makaranta an yi mata canjin wurin aiki, ga ungozoma an tura ta wani asibiti, ga 'yar bautar ƙasa, ga mai fatauci, ga kuma uwargida da ta bi maigidanta da 'ya'ya. Duk waɗannan sukan iske kansu a garin da ba su san kowa ba, tilas su biya kuɗi su kama ɗaki.

Kama ɗaki a birni abu ne mai sauƙi. Wanda nake so mu duba yau shi ne ƙaramin masauki a garin kan dutse, inda sanyi yake da ƙarfi, domin abin da muka saba dubawa a ƙasarmu ta zafi ba shi ne abin dubawa a can ba. Na ɗauki Gembu ta Jihar Taraba ta zama misalinmu.

Inda Gembu Take

Gembu ita ce hedkwatar Ƙaramar Hukumar Sardauna, tana bisa tsaunin Mambila, kusa da iyakar Kamaru. Tsayin tsaunin galibi kamar mita 1,600 ne daga bakin teku. Dutsen da ya fi kowane tsawo a Nijeriya, watau Chappal Waddi mai mita 2,419, yana wannan yanki. Ƙasar dā tana hannun Jamus, bayan Yaƙin Duniya na Farko ta koma riƙon Ingila. A shekarar 1961 aka yi ƙuri'ar raba gardama, mutanen Arewacin Kamaru suka zaɓi shiga Nijeriya, aka sa wa lardinsu suna Lardin Sardauna. Daga nan ƙaramar hukumar ta gaji sunanta.

Mai zuwa daga Jalingo za ta bi ta Bali da Serti har Mayo Selbe, can gindin dutse. Daga nan mota za ta kama hawa, hanya tana ta lauje-lauje kamar maciji, rami a gefe guda, dutse a gefe guda, har a fita Maisamari, a wuce Nguroje, kāna a isa Gembu. Tafiya ce ta yini, saboda haka ki yi sammako, ki roƙi direba a gama hawan da sauran rana, don hazo yakan rufe hanya. Kada ki cika wa yara ciki kafin hawa, gama kwane-kwanen nan suna sa amai. In kunnenki ya toshe sai ki riƙa haɗiyar yawu, jariri kuma ki ba shi nono, zai sami sauƙi.

Me ya sa wurin yake da sanyi? A ajin labarin ƙasa muna koya wa yara cewa duk sa'ad da aka hau mita 1,000, zafi yakan ragu da kamar digiri 6. Ki lissafa da kanki, za ki ga bambancin Gembu da bakin teku ya kai kusan digiri 10. Ke da kika bar Jalingo kina fifita, da almuru za ki nemi rigar sanyi. Damina kuma doguwa ce, ruwa ya fi rabin shekara yana zuba. Shi ya sa ciyawa take kore shar, shanu suna ƙiba don babu ƙudan tsando, ganyen shayi kuma yana yi, har akwai babbar gonarsa a Kakara.

Zaɓen Masauki

Na san abin da ke ran wasunku. A ƙasarmu da an ce mace ta kwana a otal sai a fara kallon juna. Gaskiya ne akwai wuraren da bai kamata matar kirki ta taka ba, amma ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Yawancin ƙananan masaukan irin waɗannan garuruwa ma'aikata ne da 'yan kasuwa da masu iyali suke sauka a cikinsu. Dabara ita ce ki yi tambaya tun kina gida. Ki nemi wata malama ko ma'aikaciyar asibiti da ta taɓa zama a garin ta gaya miki inda masu iyali suke sauka. Ki guji wanda yake haɗe da mashaya. Da kin sauka ki sanar da maigidanki ko iyayenki sunan wurin da lambar ɗakin. Matambayi, an ce, ba ya ɓata.

Kada ki biya kuɗi sai kin ga ɗaki da idonki. Wannan ba rashin kunya ba ne, hakkinki ne, mai masauki na gari kuwa ba zai ji haushi ba. Ki ce masa, "Malam, don Allah a nuna mini ɗakin tukuna." In kin shiga, kada fenti da labule su ruɗe ki, kada kuma ki tsaya neman fanka, gama ba za ki kunna ta ba. Abu huɗu za ki duba.

Na farko, bargo. Ki taɓa shi da katifa ki ji ko da danshi, domin da damina kaya ba sa bushewa da wuri a can, ɗakin da ya daɗe a rufe kuwa yakan yi warin raɓa. Ki tambayi bargo na biyu tun da rana, kafin sauran baƙi su riga ki. Zanen gado kuma ki zo da naki.

Na biyu, ruwan zafi. Ki tambaya ko ana dafa wa baƙi, da ƙarfe nawa, ko kuma kuɗinsa daban ne. Galibi a irin waɗannan wurare a murhun itace ake dafawa a kawo miki a bokiti. Wanka da alwalar asuba da ruwan da ya kwana a waje ba ƙaramin aiki ba ne, balle ga yaro ƙarami ko mai jego.

Na uku, ƙofa. Ki gwada sakata ta ciki ki ga tana kamawa. Ki gaisa da maigadi, ki san fuskarsa. Da dare kada ki buɗe wa wanda ba ki san muryarsa ba, ko da ya ce shi ma'aikacin gidan ne.

Na huɗu, taga. Ki tabbata tana buɗewa, ki kuma leƙa ki ga inda aka ajiye janareta. Za ki ce mai gudun sanyi me za ta yi da taga? To, a nan babbar maganarmu take.

Kaskon Wuta

Mu Hausawa da sanyin hunturu ya matsa mun saba jan kaskon wuta zuwa ɗaki. Baƙuwa da ta ji sanyin kan dutse a daren farko, ga yara suna rawar ɗari, abin da zai fara zuwa mata a rai ke nan, wani lokaci ma masu gida ne za su kawo mata don kyautatawa. Sai ta rufe ƙofa, ta toshe taga da tsumma, a kwanta. 'Yar'uwa, wannan shi ne abu mafi haɗari da za ki iya yi a tafiyar nan duka, ya fi hawan dutsen haɗari.

Ga dalili. Gawayi in yana ci a wurin da iska ba ta shiga sosai, yakan fitar da wata guba da likitoci suke kira kabon monoksaid. Ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta sa tari ko hawaye kamar hayaƙin itace. Garwashin da ya yi ja wur, wanda muke cewa ya huce hayaƙi, har yanzu yana fitar da ita. In mutum ya shaƙe ta sai ta shiga jini ta kama gurbin iskar oksijin, watau iskar da jiki yake rayuwa da ita, ƙarfin kamunta kuwa ya ninka na oksijin fiye da sau 200. Alamunta na farko su ne ciwon kai, da jiri, da tashin zuciya, da kasala, da jin barci. Kin ga ke nan wadda ta yini a mota za ta ɗauka gajiyar hanya ce kurum, ta gyara kwanciya. Wanda kuma ya riga ya yi barci ba ya jin komai, daga barcin sai a wuce. Jarirai da masu juna biyu da tsofaffi su ne ta fi saurin kayarwa. Hayaƙin janareta ma wannan guba ce a cikinsa, shi ya sa na ce ki duba inda aka ajiye shi. In yana gindin tagarki ko cikin baranda, ki nemi a canja miki ɗaki.

Ba na ce kada ki ji ɗumi ba. Ki ji ɗuminki a tsakar gida ko a madafa tare da masu gida, inda iska take wucewa. Amma in lokacin kwanciya ya yi, kasko ya kwana a waje, kome sanyi. Abin da zai ɗumama ki ba tare da haɗari ba yana da yawa. Ki sa riga bisa riga, gama sirara biyu ko uku sun fi mai kauri ɗaya riƙe zafi. Ki sa wa yara safa da hula. Ki shimfiɗa bargo ɗaya a ƙasa ɗaya a sama. Ki cika gora mai ƙarfi da ruwan ɗumi, ki murɗe murfin sosai, ki naɗe ta da zane, ki sa a wajen ƙafa, amma ban da jikin jariri.

In kuwa kika iske mutanen ɗaki ɗaya duk suna kukan ciwon kai a lokaci guda, ko wani ya ƙi tashi, kada ki tsaya shafa masa mai ko ɗura masa madara. Ki wangale ƙofa da taga, a fitar da kowa waje, a kai su asibiti nan da nan, a gaya wa likita cewa da wuta suka kwana. Ko sun ce sun warware, a dai kai su.

Abinci Da Zama Da Mutane

Ƙaramin masauki ba safai yake da ɗakin cin abinci ba. Wani wurin matar mai gidan ce take dafawa, sai ki gaya mata tun da safe in kina so a sa da ke. Ki ci abin da ƙasar take nomawa: masara, da dankalin turawa, da ayaba, da fiya, da nama, ga shayinsu mai kyau. Madarar shanu ki tafasa ta kafin ki ba yara. In ke za ki yi girki, kada ki yi mamaki in wake ya ƙi nuna da wuri. A kan dutse ruwa yana tafasa tun a wajen digiri 95, bai kai 100 ba, saboda haka dahuwa takan ɗan daɗe. Ki jiƙa waken tun da dare. Ruwan sha kuma in ya tafasa sosai na minti guda ya wadatar. Kada ki dogara da wutar lantarki, ki zo da tocila, ki cika wayarki da caji duk sa'ad da kika samu. Wanki ki yi shi da sassafe, ki ɗauko man shafawa don leɓe da ƙafafun yara, gidan sauro ma kada ki bar shi, gama sanyi ba ya hana zazzaɓi baki ɗaya.

Mutanen ƙasar Mambilawa ne da Fulani da Kaka da waɗansu ƙabilu, akwai Hausawa 'yan kasuwa, Hausa kuma za ta fisshe ki. Amma Fulatanci ya bazu ƙwarai a can, in kin iya cewa "Jam na?" wajen gaisuwa, da "Useko" wajen godiya, za ki ga fuska ta saki. Ki girmama mai kawo miki ruwa da mai share ɗaki. Yarinyar da ta tashi tun duhu ta hura wuta don ki yi wanka ta cancanci sannu da ɗan alheri ranar tafiyarki. A ƙaramin masauki babu katifar alfarma, amma shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, ita ma baƙuwa tana da tata da za ta shimfiɗa.

Da safe in hazo ya yaye, ki fito da yara su ga tuddai kore har iyakar ganin ido, shanu a warwatse bisansu, kogin Donga yana gangarawa a ƙasa. Abin da muke zana musu a allo da alli, ga shi a fili. Wannan kaɗai ya isa ladan wahalar hanya.

Kafin in ajiye alƙalami ina roƙon masu irin waɗannan masaukai su tanadi barguna isassu, su nisanta janareta daga ɗakuna, su daina kai wa baƙi garwashi cikin ɗakin kwana. Ku kuma 'yan'uwa da kuka karanta, ku gaya wa waɗanda ba su karanta ba, domin maganar kasko ba ta Gembu kaɗai ba ce, ta shafi Jos da Pankshin, ta shafi ɗakunanmu na gida in hunturu ya shigo. Allah ya kai kowace matafiya lafiya, ya komo da ita lafiya, amin. Sai mako mai zuwa.