Yadda Za Mu Adana Littattafanmu Ba Tare Da Mun Ɓata Ƙasa Ba

Bayan damina na kai ziyara wata ikilisiya a ƙasar Maiyama domin duba gonar matasa. Da muka gama, mai bishara ya ce in zo in ga abin da ya same su. Ya buɗe wani kwali a kusurwar ɗakin ajiya. Daga sama littattafai ne lafiya lau. Da ya ɗaga na farko, sai ƙasa ta zubo. Gara ta shigo ta ƙarƙashi, ta cinye littattafan waƙoƙi, da na ajin yaƙi da jahilci, har da wanda ake rubuta sunayen waɗanda aka yi wa baftisma. Wani dattijo ya ce a sayo maganin feshi a zuba ko'ina. Wani kuma ya ce a tara a ƙone, a yi baiko a sayi sababbi. Na roƙe su su dakata. Abin da na faɗa musu ran nan, shi nake so in faɗa muku, 'yan'uwa.

Ɗakin karatu, wato laburare, ba sai babba ba. Akwai irin na jami'ar kimiyya da fasaha ta Aliero, wadda aka kafa a 1996 da ɗoriyar shekara goma, wato 2006. Akwai na makarantun Jega. Akwai kuma kabad ɗaya tak a bayan majami'a. Kowannensu yana cin abu uku: takarda, da haske, da maganin ƙwari. In ba a lura ba, dukansu uku suna iya jawo ɓarna.

Takarda daga itace ake yin ta. Masana'antun takarda uku da gwamnati ta kafa a Jebba da Oku Iboku da Iwopin sun durƙushe a shekarun 1990, saboda haka yawancin takardar da ake buga littafi da ita daga ƙasashen waje take zuwa, da tsada. Littafin da ya yi shekara 20 a hannunmu maimakon shekara 5, ya hutar da itatuwa, ya kuma hutar da asusun ikilisiya. A Farawa 2:15 an nuna mana cewa aikin mutum a gonar Allah iri biyu ne, nomawa da kiyayewa. Kiyaye littafi yana cikin wannan aiki.

KU DUBI RUDUN ALBASA

Manomin Aliero ba ya zube albasarsa a ƙasa. Yana kafa rudu, ya ɗaga shi sama da ƙasa, ya rufe da ciyawa don inuwa, ya bar iska tana ratsawa. Lokaci lokaci yakan duba, ya tsame wadda ta fara ruɓewa kafin ta shafi sauran. Ba inji, ba fetur. Abin da albasa take so, shi littafi yake so: tudu, inuwa, iska, da ido. Ga yadda za a yi.

1. A ƊAGA DAGA ƘASA

Gara a cikin ƙasa take zaune, kuma sai ta gina hanyar laka kafin ta kai ga abinci. In kanta ta jingina da bango, ko kwali yana zaune a daɓe, an share mata hanya ke nan. A ɗora ƙafafun kanta a kan dutse ko bulo. In akwai hali, mai walda ya yi ƙafafun da ƙarfe. A bar tazarar tafin hannu tsakanin kanta da bango. Kowace Asabar, lokacin sharar majami'a, a leƙa baya da ƙarƙashi. In an ga hanyar laka, a karya ta, a bi ta har inda ta fito, a toshe.

Mutanen bakin gulbi su ƙara lura. Ambaliyar 2020 ta yi ɓarna ƙwarai a Jihar Kebbi, har da ƙasar Jega. Littattafan da ba a iya sake saye, kamar na baftisma da na aure da takardun fili, a sa su a adakar ƙarfe a can sama.

2. A BAR ISKA TA YI AIKI

A watan Agusta laima takan yi yawa, sai hunhuna ta kama takarda. A watan Afrilu kuwa zafi yakan wuce digiri 40, ɗakin kwano ya zama tanda, takarda ta bushe tana karyewa. Maganin duka biyu ɗaya ne. A yi tagogi masu kallon juna. A sa zana ko tabarma a ƙarƙashin kwano. A dasa dogon yaro gabas da yamma da ɗakin, amma da ɗan nisa saboda saiwa. Kada a cushe littattafai. Kada rana ta riƙa faɗawa a kansu kai tsaye. Da hunturu, a rataya ƙyalle a tagar da ƙura take shigowa.

Kada ku raina ginin ƙasa. A Dandaji, wani garin Hausawa a jihar Tawa ta Nijar, an mai da tsohon masallacin garin ɗakin karatu, aka gina sabon masallaci kusa da shi. An gama aikin a 2018. Wata 'yar Nijar mai zanen gine-gine, Mariam Kamara, da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili ne suka tsara shi. Ba su rushe tsohon gini ba, gyara shi suka yi, sabon kuma da tubalin ƙasa aka yi shi, aka bar wa iska hanya. Bango mai kauri na ƙasa yana hana zafin rana shiga da sauri. Kakanninmu sun san wannan.

3. A YI HANKALI DA GUBA

Yaro yakan lashi yatsa kafin ya juya shafi. Duk abin da aka fesa a littafi, bakinsa zai shiga. Abin da ya zuba a daɓe kuma, ruwan shara zai kai shi waje, inda kaji suke kiwo. Maganin nan da iyayenmu suka sani da suna Gamalin, ƙasashen duniya sun sa shi cikin jerin haramtattu a 2009, domin yana daɗewa a ƙasa da jikin mutum. Ƙwayar da ake sa wa hatsi kuwa, iskar da take fitarwa tana kashe mutum a rufaffen ɗaki. Kada a kai ta inda ake karatu.

Manyan ɗakunan karatu na duniya da yawa sun rage feshi. Sun koma ga tsabta da yawan dubawa. Mu ma haka za mu yi. Kada a ci abinci a ɗakin, gama ɓarɓashi ne yake kiran kyankyaso da ɓera. A shanya ganyen dogon yaro a inuwa har ya bushe sarai, a ƙulle a ƙyalle, a ajiye a kan kanta, a riƙa sakewa. Mutanen Indiya, inda itacen ya fito, sun daɗe suna yin haka. Yana korar ƙananan ƙwari, amma ba ya tsai da gara. Littafin da ya kamu, a ware shi nan da nan kamar ruɓaɓɓiyar albasa, a kakkaɓe shi a waje, a buɗe shi a inuwa ya sha iska.

4. HASKE BA HAYAƘI

Tun da aka janye tallafin fetur a watan Mayu 2023, kowa ya san abin da janareta yake ci. Kowace lita ɗaya da ya ƙone tana sakin fiye da kilo 2 na iskar da take ƙara wa duniya zafi. Hayaƙinsa kuma yana kisa in an kunna shi a cikin ɗaki. Hanya ta fari ita ce a shafa wa bango farar ƙasa, a kuma sa lokacin karatu da rana. Don 'yan makaranta masu karatun dare, ƙaramin faifan sola da ƙwan LED uku ko huɗu sun isa. Ƙwai mai wat 9 yana ba da haske kamar tsohon ƙwai mai wat 60.

Amma ga gargaɗi. Yawancin baturan da muke haɗawa da sola suna da dalma a ciki. A 2010 gubar dalma daga dutsen zinariya ta kashe yara ɗaruruwa a Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara. Gubar iri ɗaya ce. In batur ya mutu, kada a fasa shi, kada a bar wa yara. A mayar wa mai sayarwa.

5. A GYARA, A ARA WA JUNA

Littafin da bangonsa ya cire bai mutu ba. A ɗinke shi da allura da zare mai ƙarfi, a yi masa riga da takardar buhun siminti da aka kakkaɓe, ko da guntun yadi. Wannan aiki ne da zumuntar mata da matasa za su iya yi a yini ɗaya. A guji salatif, domin yakan bar tabo ya ci takarda. Maƙwabtanmu malamai a ƙasar Gwandu sun riƙe rubuce-rubucen Malam Abdullahi ɗan Fodiyo kusan shekara 200 da gafakar fata da kulawa. Akwai abin koyi a nan.

Takardar da ta ƙare sarai, kada a ƙone ta tare da leda. Marar sheƙi a yayyaga a zuba a ramin taki. Kada a ba masu ƙosai, gama tawadar bugu ba abin ci ba ce. Shafin Littafi Mai Tsarki da ya yage kuwa, a kai wa dattawa su ajiye da ladabi.

Jega da Aliero da Maiyama ba su da nisa da juna. Ba lalle kowace ikilisiya ta sayi kowane littafi ba. A cika adaka ɗaya, a rubuta abin da yake ciki, ta yi wata uku a nan, ta wuce gaba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

A ikilisiyar nan da na ambata, mun tsirar da kusan rabin littattafan. Na baftisma ya tafi, yanzu tsofaffi ne suke zama suna tuno sunaye ana sake rubutawa. Manzo Bulus yana kurkuku, amma a 2 Timoti 4:13 ya roƙi Timoti ya taho masa da littattafansa. In shi bai manta da nasa ba, kada mu manta da namu. Ran Asabar mai zuwa, ku zaɓi mutum ɗaya ya zama mai kula, ku ja kabad ɗinku daga bango, ku leƙa bayansa.

Allah ya ba mu hikimar riƙon amana. Amin.