Layin Da Ba A Ajiyewa

Duk wanda ya taɓa zama wajen 'yan canji a Zongon Kutonu ya san farashin naira ba ya jiran kowa, balle tun watan Yunin 2023 da Babban Bankin Najeriya ya sakar mata mara. Na safe daban, na azahar daban. Wanda labari ya iske a makare, shi ke kwana da asara.

To, shafin intanet na asali ba a gina shi don irin wannan gaggawa ba. Aikinsa kamar na yaron aike ne: ka tura shi Dantokpa ya tambayo farashi, ya dawo ya faɗa maka, shi ke nan. Ko kasuwa ta juye bayan tahowarsa, ba mai sanar da kai sai ka sake aikensa. Masu gina shafuka sun yi ta dabarar sa shafi ya riƙa tambaya bayan kowane 'yan daƙiƙu, abin da ke cinye kuɗin data da batir a banza.

A watan Disambar 2011 hukumar IETF ta tabbatar da ƙa'idar WebSocket. Wayarka za ta gaisa da kwamfutar da ke riƙe da shafin sau ɗaya, daga nan layi ya zauna a buɗe, kowane ɓangare ya yi magana lokacin da ya ga dama. Da shi WhatsApp Web, wanda ya fito a 2015, ke kawo saƙo kan kwamfuta nan take. Murya da hoto kuwa suna da tasu hanyar, WebRTC, wadda Google ta saki a 2011.

Amma fa, jama'a, layi a buɗe yana buƙatar igiya. Benin ta shiga intanet a 1995, lokacin taron ƙasashe masu magana da Faransanci a nan Kutonu. A watan Yulin 2009 igiyar SAT-3 ta ƙarƙashin teku ta lalace, Benin da Togo da Nijar da Najeriya suka sha wuya. Ranar zaɓen 'yan majalisa, 28 ga Afrilun 2019, an katse intanet a ƙasar. A watan Maris na 2024 ma igiyoyi sun sake tsinkewa.

Haɗarin shi ne, idan layin ya mutu shiru, shafi na iya ci gaba da nuna tsohon farashi kamar sabo ne. Saboda haka matasanmu masu gina wa 'yan kasuwa shafi su sa shi ya riƙa taɓa layin lokaci-lokaci, ya sake haɗawa da kansa in ya yanke, ya karɓo saƙonnin da suka wuce shi. Kuma a rubuta sa'a da minti kusa da kowane farashi, yadda Alhaji zai gani kafin ya ƙirga sefa.