Georgia ko Times New Roman: Wanne ya fi dacewa da jaridar Hausa?

Mai karanta labari a waya bai cika lura da salon haruffan da ke gabansa ba, sai idonsa ya fara gajiya. Amma ga editoci, zaɓi ne babba, kuma sunaye biyu sun daɗe suna gogayya: Times New Roman da Georgia. Dukkansu 'yan gidan "serif" ne, wato haruffa masu 'yan ƙananan ƙafafu a ƙarshen kowane zane.

Times New Roman ɗan takarda ne. Jaridar The Times ta Landan ce ta fara amfani da shi a 1932, bayan Stanley Morison da Victor Lardent sun tsara shi. An matse haruffansa ne domin kalmomi da yawa su shiga siririn layin jarida, a rage ɓarnar wuri.

Shi kuwa Georgia, Matthew Carter ne ya zana wa kamfanin Microsoft, aka fitar da shi a 1996, lokacin da allon kwamfuta ba ya nuna rubutu tangaran. Shi ya sa ƙananan haruffansa suka fi tsayi da faɗi, zanensu ya fi kauri, ana karanta su ko an ƙanƙanta su. Sai dai yana cin wuri, kuma lambobinsa ba su daidaita ba: 3 da 9 na saukowa ƙasan layi, 6 da 8 na hawa sama, abin da kan dagula jadawalin farashi.

Ga rubutun Hausa, akwai ma'aunin da ya fi waɗannan nauyi: haruffa masu lanƙwasa, ɓ, ɗ, ƙ da ƴ. Sabbin nau'o'in Times New Roman na ɗauke da su, amma Georgia na asali ba shi da su. Idan harafi ya ɓace, na'ura kan aro shi daga wani salon, sai ya fito bare a tsakiyar kalma, ko kuma akwati ya maye gurbinsa. Wasu kan gudu daga matsalar su cire lanƙwasar, sai "ƙasa" ta koma "kasa", "ƙafa" ta zama "kafa".

Ƙari a kan haka, yawancin wayoyin Android ba sa zuwa da ko ɗaya daga cikin biyun, sukan sauya su da Noto Serif, wanda ke da haruffan Hausa cikakku. Don haka kafin edita ya yanke hukunci, gara ya rubuta "ɓarawo", "ɗalibi" da "ƙauye", ya duba su a ƙaramar waya irin ta masu karatunsa.